Abin da mafarautan Kumasi suka ce kan harsashi

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar hirarmu.

1. Kowa ya yarda danshin damina ne matsalar ajiyar harsashi. A kulle harsashi cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa da hannun yara.
2. Kwanson harsashi (mazubin albarushi) da tagullarsa ta yi tsanwa, ko ya tsage a wuya, kada ya shiga bindiga.
3. Kan sake cika kwanso da hannu, wato sake zuba masa albarushi da dalma, aka rabu. Wasu sun ce a Amurka ko sabo ne sai an auna tsawonsa, an datse, an goge bakinsa. Mafi yawa suka ce nan Gana a sayi cikakken harsashi wurin dila mai lasisi. Ni ma nan na tsaya.
4. A Gana ana rufe farauta kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba.