Kyamarar gidan talabijin ko hoton tafiye-tafiye: da wanne zan fara?

Ɗalibi daga Gusau ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a karatun difloma na aikin jarida, kuma shekara biyu ke nan ina ɗaukar bidiyon biki da suna da wata tsohuwar kyamarar Canon da na saya na hannu. Abin da zuciyata take so shi ne yawon ƙasa da ɗaukar hoton garuruwa, kasuwanni da bukukuwan gargajiya, amma mahaifina ya fi son in nemi aikin kyamara a gidan talabijin, domin a ganinsa sana'ar da ba ta da albashi a ƙarshen wata ba sana'a ba ce. Ina roƙon magabata a wannan fage su ba ni shawara: shin ana iya haɗa biyun, kuma a ina ya dace in ƙaro ilimi?

Tsohon mai kyamara daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Mahaifinka yana da gaskiya, ko da yake dalilina ya bambanta da nasa. Albashin mai kyamara a yawancin gidajenmu bai taka kara ya karya ba, saboda haka ba don kuɗi nake ce maka ka fara da talabijin ba. Dalilin shi ne a can ne ake karya mutum a gyara shi. A wurin biki, idan ango ya fito ba ka shirya ba, kana iya roƙonsa ya koma ya sake fitowa, amma idan gwamna ya yanke ƙyallen buɗe asibiti kana canza batir, to labarin ya wuce ka har abada, kuma da kai edita zai kwana.

Aikin yana da tsohon tarihi a nan. An buɗe talabijin a Ibadan a 1959, tamu ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sannan aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. Waɗanda suka koya mana sun fito ne daga wancan zamani na kaset da kyamara mai nauyi a kafaɗa, shi ya sa ba sa barin mutum ya danna maɓalli sai ya san abin da yake nema. Su ne suka koya mini in riƙe kowane hoto aƙalla daƙiƙa 10 ba tare da motsi ba, in ɗauko wurin gaba ɗaya, in matso kusa, sannan in ɗauki hannaye da fuskoki, domin mai tacewa ya sami abin da zai haɗa labari da shi. Su ne kuma suka sa na saba nuna wa kyamara farar takarda duk lokacin da na fito daga ɗaki zuwa rana, don kada fuskar mutane ta koma shuɗiya ko ja.

Ga wani abu da matasa masu koyo daga YouTube suke yawan faɗawa cikinsa. Mafi yawan masu koyarwar Amurkawa ne, suna aiki da hoto 30 ko 24 a daƙiƙa, alhali talabijin ɗinmu a kan 25 yake, wutar lantarkinmu kuma tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Idan ka bi saitinsu a ɗakin taro mai fitilu, za ka iya dawowa da hoto yana ƙyafƙyafta. Ka kuma ɗauki sauti da muhimmanci, domin mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar murya ta shige cikin ƙarar janareta sai ya canza tasha.

Game da karatu, Jos za ka nufa. Akwai kwalejin talabijin ta NTA da ke da alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma cibiyar koyar da fim ta ƙasa da ke da alaƙa da Jami'ar Jos.

Mai hoton tafiye-tafiye daga Kano ta amsa:

Baba ya faɗi gaskiya a kan horo, amma da izininsa zan ɗan saɓa masa a wuri ɗaya. Ƙanena, kada ka jira sai ka gama shekaru a talabijin kafin ka fara yawo, domin idon mai labarai da idon matafiyi ba iri ɗaya ba ne. Mai labarai yana isa wuri ne ya ɗauki abin da aka aiko shi ya koma kafin lokacin labarai, shi kuwa matafiyi yakan zauna kwana uku a marinar Ƙofar Mata kafin ya gane cewa hoton da yake nema sai da sassafe ake samunsa, lokacin da rana ba ta yi ƙarfi ba. Na ga mutanen da suka daɗe a ɗakin labarai har suka kasa zama wuri ɗaya na awa guda.

Wuraren suna nan da yawa, kuma duniya ta san darajarsu. UNESCO ta sanya Sukur ta jihar Adamawa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, tsohon garin Agadas da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon kusan mita 27 a 2013, bikin kamun kifi na Argungu cikin al'adun da ake karewa a 2016, hawan Sallah na Kano kuma a 2024. Sai dai bikin Argungu ba kowace shekara ake yinsa ba, wasu hanyoyin kuma ba a binsu sai an tambayi mutanen gari halin tsaro. Idan za ka fara, gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi ya fi sauƙi, kuma ka je da rani, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. Da hunturu kuwa kada ka kuskura ka cire gilashin kyamara a fili, domin ƙurar da za ta shige ciki za ta bar maka ɗigo a kowane hoto.

Kuɗin ba daga hoton yake fitowa kai tsaye ba. Otal-otal, ƙungiyoyin agaji da mujallu su ne suke biya, kuma suna biyan wanda zai kawo musu hoto da bidiyo da ɗan rubutu a tafiya ɗaya, wanda a nan ne horon da Baba ya ambata zai yi maka rana. Sannan kada ka ɗaga kyamara a ƙauye kafin ka gaida mai gari, kada kuma ka ɗauki matar aure ko yaro ba da izini ba.

Mai tace labarai daga Abuja ya amsa:

Malam, abu biyu zan ƙara. Na farko, kyamara mai tashi sama tana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka kada ka zuba kuɗinka a kanta tun yanzu. Na biyu, ka karanta takardar ɗaukarka aiki da kyau. Wata tasha da na yi wa aiki ta hana ni amfani da hotunan da na ɗauka a tafiyar aiki, har da waɗanda na ɗauka bayan an tashi, domin da kyamararta na ɗauke su.

Ɗalibi daga Gusau ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina da ɗan kuɗin da na tara daga bukukuwa. Baba, shin in sayar da tsohuwar kyamarar in cika in sayi sabuwa?

Tsohon mai kyamara daga Kaduna ya amsa:

Ka bar ta tukuna, ɗana. Ka sayi ƙafar kyamara mai ƙarfi wadda kanta yake juyawa a hankali, da makirfon da ake maƙalawa a riga, da batir biyu na ƙari. Abin da ya rage ka ajiye shi kuɗin mota zuwa Bauchi.