Ranar da ka fara tashi da waƙarka a gaban jama'a

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. An sa sunana cikin masu karatu ranar 21 ga Maris, ranar waƙa ta duniya, kuma ban taɓa tsayawa gaban mutane ba. Waƙata ƙwar biyar ce, wato kowane baiti ɗango (layi) biyar, baiti 18. Tun yanzu cikina ya ɗuri ruwa. Waɗanda suka riga ni, yaya taku ta kasance?

Malam Na Gwammaja: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka rera ta kuwa, ko ido kawai kake bin ta da shi? Ni abin da ya kayar da ni ke nan. Wata biyu ina gyaran amsa-amo, kowane ɗango ya ƙare lafiya lau a takarda. Da na tashi, akwai wani dattijo a sahun gaba, ya lumshe ido yana buga yatsa a gwiwarsa yana bin karin. Ina shiga baiti na uku sai yatsan ya tsaya cak. Bai ce komai ba, ido ɗaya kawai ya buɗe. Ashe gaɓa ɗaya ta yi yawa, na ja ta da ƙarfi don ta shige, duk ɗakin ya ji. Har na sauka yatsan nan nake kallo. Mutanen da suka tashi suna jin Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin a rediyo ba ka yi musu wayo da murya.

Maman Ilham: Malam ka tuna mini. Tawa a makon Hausa ce muna ɗalibai. Ina tsaka da karatu aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu, fanka ta tsaya, ga zafin Afrilu. Allah ya so na haddace, kuma tana da amshi. Na ɗaga murya na maimaita amshin sau biyu, sai 'yan bayan aji suka karɓa, da tsokana ma suka fara, daga baya ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Da wutar ta dawo ban koma kan lasifikar ba. Ƙanena, in babu amshi ka samo mata.

Abba Zoo Road: Mu dai ba ma rerawa, faɗa muke yi, Hausa da Turanci a gauraye, in layi ya yi daɗi a ƙyasta yatsu. Ni matsalata waya ce: tana hannuna ina karantawa sai kiran Umma ya shigo ya rufe rubutun.

Malam Na Gwammaja: Abba, naku zance ne mai daɗi, ban hana ba. Sai dai makahon da ke rera Imfirajin Aliyu Namangi a bakin kasuwa ba ya buƙatar caji.

Yaya Hadiza: Lokaci, don Allah! An ba kowa minti biyar, wani bawan Allah ya zo da baiti 60. Sau uku mai gabatarwa yana miƙa masa 'yar takarda, yana karɓa yana sawa a aljihu. Mu huɗu ba mu samu yi ba, aka kira magariba.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Na shiga soro na rera ta yanzu, agogo a gabana: minti tara. Kuma Malam, baiti na bakwai ɗingishi yake yi, shi ne kuwa wanda na fi so. In cire shi ko in kawo maka gobe bayan la'asar?

Malam Na Gwammaja: Kawo. Ka taho da biro.