Wa Ya Rubuta Littattafan Dick Francis, Shi Ko Matarsa?

Malamin Adabi: Assalamu alaikum. Duk mai karanta labaran binciken laifi da aka gina a kan sukuwar dawakai ta Ingila ya san Dick Francis, wanda tun daga littafinsa Dead Cert a 1962 har zuwa 2000 ya riƙa fitar da littafi kusan kowace shekara. A 1999 Graham Lord, wanda ya yi aiki a jaridar Sunday Express kamar yadda shi Francis ya yi, ya wallafa tarihin rayuwarsa ba da yardarsa ba, ya ce matarsa Mary ce ainihin mai alƙalamin. Ni na karkata ga wannan magana, domin mijin ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ita kuwa matar ta yi digiri a Turanci da Faransanci.

Alhaji Mai Barga: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, wannan hujja ba ta kama ni ba. Mutumin nan shi ne gwarzon mahayan tseren tsallake shinge na Birtaniya a kakar 1953 zuwa 1954, kuma shi ne a kan Devon Loch, dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Ingila, a tseren Grand National na 1956 a filin Aintree. Ya tsallake shinge na ƙarshe yana gaba da kowa, saura kamar yadi 40 ya isa, sai dokin ya yi wani irin tsalle ba gaira ba dalili, ya baje ƙafafu, cikinsa ya daki ƙasa, wani doki mai suna ESB ya wuce shi. Har yau ba a daidaita a kan abin da ya jawo haka ba. Wanda ya ɗanɗani wannan a gaban dubban jama'a ba sai an koya masa yadda ake rubuta zafin faɗuwa ba.

Hajiya Mai Kantin Littattafai: Alhaji, ai babu wanda ya ce bai san doki ba. Sanin doki daban, tsara labari mai shafi 300 daban. A duba abin da ya faru bayan rasuwar Mary a 2000: mutumin da bai saba tsallake shekara ba ya yi shiru sai 2006 da Under Orders, daga 2007 kuma aka fara sa sunan ɗansa Felix kusa da nasa a bango. Idan aka ɗauke mutum ɗaya aikin ya tsaya cak, ai an nuna mana wanda ke riƙe da linzami.

Alhaji Mai Barga: Hajiya, tsoho mai shekara kusan 80 ya rasa matar da suka haura shekara 50 tare, sannan a ce shirunsa shaida ce a kansa? Ban da haka, ya yi shekara 16 yana rubuta labarin sukuwa a jarida. Bari in kawo abin da ya fi tsaya mini a rai. A littafinsa For Kicks na 1965, miyagun ba sa ba doki ƙwaya, domin gwajin jini zai tona su. Suna busa masa usur irin na karnuka, wanda kunnen mutum ba ya ji sosai, a lokaci guda su tsorata shi da wuta, har ya haɗa sautin da azaba, ranar tsere kuwa busa ɗaya ta isa ta sa shi gudun ceton rai. Na taɓa samun ingarma da wani yaro ya doka da igiyar guga, ya yi shekaru idan ya ji ƙarar guga sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Mai zama da doki ne ke sanin cewa ba ya manta tsoro.

Malamin Adabi: Misalin yana da daɗi, Alhaji, sai dai dabarar haɗa sauti da abin da dabba ke ji a jikinta tana cikin littattafai tun gwajin da masanin nan na Rasha, Pavlov, ya yi da karnuka, kuma bincike irin wannan aikin Mary ne. Ita ce ta koyi tuƙin jirgin sama saboda littafin Flying Finish, ta koyi ɗaukar hoto saboda littafin Reflex.

Ɗalibar Shari'a: Ina neman afuwar manya. Baba Alhaji da Malam, ina ganin kuna jayayya a kan abin da mai abin bai musanta ba gaba ɗaya. Shi da kansa ya sha faɗin cewa aikin na su biyu ne, danginsa Richard suke kiransa, sunan Dick Francis kuwa na haɗin gwiwarsu ne. Abin da Lord ya ƙara shi ne cewa ita ke rubuta jimlolin, kuma wannan ne ma'auratan ba su amince da shi ba. Tambayar da ta fi damuna ita ce dalilin da ya sa kyautar Edgar uku ta mafi kyawun littafin binciken laifi, wadda ake bayarwa a Amurka, ta Forfeit da Whip Hand da Come to Grief, duk aka rubuta su da sunan mutum ɗaya.

Hajiya Mai Kantin Littattafai: 'Yata, amsar tana kan kantar shagona: sunan mahayin dokin gidan sarauta shi ke sayar da littafin sukuwa, kuma masu ɗab'i sun san haka. Ni dai idan mai saye ya tambaye ni, ina ce masa na Dick da Mary ne.

Alhaji Mai Barga: Wannan na yarda da shi. Amma Sid Halley na cikin littattafansa, mahayin da doki ya lalata wa hannu ya koma bincike, har gobe ina cewa daga ƙasusuwan mijin da suka sha karaya ya fito.