Wace manhajar kariya ta kyauta ce ta dace da kwamfuta mai RAM 4GB?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara, abin ya ishe ni.

Kwamfutar gida ce mai Windows 10, RAM ɗinta 4GB, yara ma suna aikin makaranta da ita. Makonni biyu da suka wuce na sa filashin wani, sai foldojin da ke ciki suka koma shotkot, na danna ɗaya kafin in ankara.

Na sauke wata manhajar kariya ta kyauta. Da shigarta Microsoft Defender, manhajar kariyar da ke zuwa tare da Windows, ya kashe kansa, kamar yadda yake yi idan an sa wata. Ta kama bairos ɗin, amma yanzu kwamfutar sai ta yi minti shida kafin ta tashi, fanka na ta ƙugi, Task Manager, wurin da ake duba nauyin aikin kwamfuta, na nuna diski a kashi 100. Kullum kuma sai tallan "sayi cikakkiyar" ya faɗo. Na cire ta na sa wata, ita kuma ta canja mini shafin farko na burauza ba da izinina ba.

Hotunan iyali na shekaru suna cikin kwamfutar nan, su ne damuwata.

Shin in cire komai in koma wa Defender kaɗai, zai wadatar ga kwamfutar da ake yawan sa mata filashi?