Manhajar karatu: shawarwarin da malamai suka bayar

Yawancin malaman da suka tattauna sun ce manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Najeriya (NERDC) ta tsara ba ta da laifi, a aji take tuntuɓe. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma sai ka tarar aji ya cika maƙil, yara a ƙasa, ana koyar da kwamfuta da alli a kan allo.

Shawararsu: jihohi su biya kasonsu don karɓo tallafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC), wanda dokar da ta kafa hukumar a 2004 ta tanada. A horar da malami kafin a sauya manhaja, littattafai su iso kafin zango ya fara. Batun albashi kuwa, nan aka fi ɗaga murya, kuma da gaskiyarsu.