Neman kalmar Hausa: me za mu kira taragon da ba ya ɗaukar kayan kasuwa?

Jama'a, ina wani rubutu a kan jiragen ƙasan Birtaniya sai na ci karo da abin da suke kira departmental wagon, musamman na sashen S&T, wato masu kula da sigina da wayar sadarwa. Kwana biyu ke nan ina juya kalmar a baki.

Ga yadda abin yake. Tun kafin a haɗe kamfanonin jirgin ƙasar a hannun gwamnati a 1948, kowane kamfani yana da taragan da ba sa kawo masa ko sisi, aikin gida kawai suke yi. Da yawansu tsofaffi ne da suka gama yayinsu a dakon kaya, aka sake musu lamba. Daga baya, a zamanin da jirgin ke hannun gwamnati, na sashen sigina lambarsu takan fara da harafin K, kamar KDB. Abin da suke ɗauka shi ne dogayen turakun sigina, da manyan ƙwaryayen katako da ake naɗe kebur a jikinsu, da kwatamin kankare da ake shimfiɗawa a gefen layi a kwantar da waya a ciki, da sandunan ƙarfen da ke jan mahaɗar layi daga ɗakin mai sigina. Kamfanin Great Western ma masana'anta guda ya ware wa wannan aiki a garin Reading. Wajen ƙarshen shekarun 1980 an yi wa wasu daga cikin taragan fentin ja da rawaya.

To, da wane suna?

"Taragon sashe" fassara ce tsagwaronta, wanda ya ji ba zai ga komai a ransa ba. "Taragon kaya" kuma ya ɓata ma'anar, don duk bambancin shi ne wannan ba na haya ba ne. Wani malamina ya kawo "taragon gyara". Malam, da girmamawa, gyara ɗaya ne daga cikin ayyukansa. Sau da yawa sabon aiki ake kai wa kaya.

An kuma ce mini in sa "danja" a maimakon sigina. Nan na tsaya da kyau, don kalmar tana da daɗi a kunne. Sai dai danja fitila take kawo wa mutum a zuciya, alhali tsohuwar siginar jirgi hannu ce a kan turke: in ya miƙe a kwance direba ya tsaya, in ya karkata ya wuce. Sigina ta haɗa duka biyun.

Da na saurari yadda muke magana sai na ga amsar tana bakinmu. Ba ma cewa motar sashen kashe gobara, motar 'yan kwana-kwana muke cewa. Da masu abu muke kiran abu.

Don haka ni dai na tsaya a nan: "taragon aiki" ga jinsin gaba ɗaya, "taragon 'yan sigina" ga wannan. In akwai tsohon ma'aikacin reluwe a cikinmu, Baba, don Allah a faɗa mana abin da kuke kiransa a bakin aiki. In kuna da taku kalmar, ita zan ɗauka.