Sak ko cancanta? Muhawarar zauren 'yan garinmu kan ɗan majalisar jiha

Mai Shayin Tasha: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da dare maganar nan ta tashi a teburina har aka kusa ɓatawa. Abin da na faɗa ina nan a kansa: zaɓen ɗan majalisar jiha ɓata ƙuri'a ne. Duk wanda ya ci gwamna shi ne majalisa. Ka duba jam'iyyar gwamnan da kake so, ka dangwala mata sak, ka koma gonarka.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Yaya, ban yarda ba. Mutum 40 ɗin nan da ke zama a Kano, su ne doka ta ba ikon amincewa da kasafin kuɗin da gwamna zai kashe. Kwamishina ba ya hawa kujera sai sun tantance shi. Kuma mu nan kudancin Kano mun gani a jikinmu. A watan Mayun 2019 su ne suka yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Rano, Ƙaraye, Gaya da Bichi. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ta soke masarautun. Bayan wata biyu aka dawo da Rano da Ƙaraye da Gaya a daraja ta biyu. Wanda yake iya ɗaga sarkinka ya sauke shi, shi ne za ka ce ba shi da amfani?

Mai Shayin Tasha: Malam ai ka kawo min hujjata da bakinka. Ganduje yana so, aka yi. Abba yana so, aka warware, a ranar kuma ya sa hannu. Wa ya zo garin nan ya tambaye mu a farko ko a ƙarshe? 'Yan amshin Shata ne kawai.

Kawu Tsohon Kansila: Ɗana, bari in ba ka abin da idona ya gani. A 1979 Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna a PRP, mai alamar makulli, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisa. Ya kai sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sake kaiwa suka ƙi. Har ya bar mulki bai naɗa ko ɗaya ba. A watan Yunin 1981 suka tsige shi. Muna zaune gindin rimin kasuwa muka ji a rediyo, wani dattijo ɗan NEPU ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya kasa cewa komai. Nan Kano kuwa Rimi yana da majalisa a bayansa, ya soke haraji da jangali, talaka ya numfasa. Majalisa tana da haƙora, mu ne muke tura mata waɗanda ba sa cizo.

Direban Kwanar Dawaki: To Kawu, Allah ya ƙara girma, ai wannan labarin ma sak yake koyarwa. Da Kaduna sun yi wa Balarabe sak da ba a tsige shi ba. Ka ba mutum mota ka riƙe makulli, ina za shi?

Malamin Firamare: Ba wanda ya ce a ɗaure gwamna. Tsige gwamna sai da kashi biyu cikin uku, a Kano mutum 27 ke nan. Bayan zaɓen 18 ga Maris 2023 an sanar NNPP ta samu 26, APC 14. Irin wannan ba ya hana gwamna aiki, amma akwai mai miƙewa ya ce a dakata a karanta. Abin tsoro shi ne a wayi gari duk 40 murya ɗaya. Ranar nan ko bashi nawa za a ciwo da sunan jikokinmu, ba mai tari.

Anti Ungozoma: Ku yi haƙuri in sa baki, don tun ɗazu gwamna da sarki kuke ta yi. Ni kwalbatin hanyar asibiti nake gani. Damina uku ke nan da ya karye. Bara cikin Agusta mun ɗauko yarinya tana naƙuda da tsakar dare, mai Adaidaita ya tsaya bakin ruwa ya ce ba zai shiga ba. Maza huɗu suka ɗauke ta a tabarma, ni ina gaba da tocila, zanina a ɗaure a gwiwa. Allah ya sa ta sauka lafiya. Gwamna bai san da kwalbatin nan ba, kuma ban ga laifinsa ba, ƙananan hukumomi 44 ne a kansa. Wanda muka tura ya faɗa masa shi ne bai faɗa ba. Tun ranar da ya zo godiya ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Kuma wallahi da yawanmu ba mu san sunansa ba lokacin da muka zaɓe shi. Takardar ba ta da suna, ba ta da hoto, alama ce kawai. A layin mata na ji wata tsohuwa tana tambaya, wannan ta biyun ita ma kayan marmari zan sa wa ko tsintsiya? Wannan ce sak ɗin da kuke kira.

Mai Shayin Tasha: Anti, gaskiya ne abin da kika faɗa, ƙanwar matata ce yarinyar. Amma ku mata ku ne kuka fi karɓar taliya da sabulu.

Anti Ungozoma: Mun karɓa, ban musa ba. Yunwa ce. Ku kuma da aka kwana ana raba muku kuɗin mai a bayan makaranta fa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu da ku duka.

Ɗan Auta: Iyayena, ni a ganina tun kafin ranar zaɓe ake gama da mu. Wajen fid da gwani ne. A zaɓukan baya daliget kaɗan aka riƙa tarawa, a kira su gefe, a ce ga wanda uban gida yake so. Tsarin mulki bai yarda mutum ya tsaya ba tare da jam'iyya ba. To wanda gwamna ya ba tikiti, ku zai ji tsoro ko gwamna? Tun 2018 an rage shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25, amma wane saurayi ne a garin nan yake da kuɗin fom?

Direban Kwanar Dawaki: Kuma ka zaɓe shi don cancanta, gobe ya sauya sheƙa ya bi gwamna. Riba nawa?

Malamin Firamare: Sashe na 109 na tsarin mulki ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ce ta dare ko ta haɗe da wata. Matsalar, kakakin majalisa ne zai ayyana, shi kuwa sau da yawa tare suke tafiya. Akwai kiranye a sashe na 110, sai dai sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu. Aiki ne ja. Shi ya sa nake cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kawu Tsohon Kansila: To ga shawara. Duk wanda ya fito, ko tsintsiya ko lema ko wace alama ce, a kira shi ranar kasuwa, ƙofar gidan Dagaci, ba da dare a ɗakin wani ba. Ya faɗa gaban jama'a sau nawa zai zo a shekara, da abin da zai yi kan kwalbati. Malam ya rubuta, Auta ya ɗauka a waya.

Mai Shayin Tasha: Ni dai har yanzu ina ganin gwamna ne mai abin. Amma idan za a kira su, shayin taron a kaina. Kawu, wa zai je ya sanar da Dagaci?

Anti Ungozoma: A sa bayan la'asar don mata su samu fitowa. Kuma a fara kai shi bakin kwalbatin ya gani da idonsa kafin ya zauna.